Zanen hannu a kan raifal don tunawa da matafiyan ƙasar ƙanƙara: ina neman shawara

Maƙerin Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni maƙerin fari ne a Aboabo, sana'ata ƙera zobba da awarwaro na azurfa, da yanka suna a kan allunan tagulla na ƙofar ofis da kofunan gasa, kuma duk da hannu nake yi, ba da inji ba. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin binciken kifi a Tema, ya dawo gida Kumasi, ya zo mini da wata buƙata da ta fi abin da na saba, shi ya sa nake so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni kafin in ba shi amsa.

A zamanin aikinsa ya sha shiga jirgin binciken teku na ƙasar Norwe mai suna Dr. Fridtjof Nansen, wanda kan zo gaɓar Ghana auna yawan kifi, kuma daga nan ne ya kamu da son labarin mutanen da suka kutsa ƙurewar arewa da ƙurewar kudu ta duniya, inda ido ba ya ganin komai sai ƙanƙara. Yana da tsohuwar raifal ta farauta mai lasin, mai sakata irin ta Mauser, wato ƙirar kamfanin bindigogi na Jamus, wadda ya daina fita daji da ita, yana so a ƙawata ta ta zama abin tunawa da zai bar wa 'ya'yansa. Abin da yake so a zana shi ne jirgin ruwa a tsakiyar ƙanƙara, da farin beyar, da tsuntsun fengwin, da karnuka suna jan amalanken ƙanƙara marar taya, da sunayen shahararrun matafiyan nan, Nansen da Amundsen da Scott da Shackleton, da shekarar 1911, sannan a sa zinariya a wani wuri ko da kaɗan ce.

Babbar damuwata ƙarfen ne. Hannuna ya saba da tagulla da azurfa, da na gwada alƙalamina a kan guntun baƙin ƙarfe da na samo a Suame Magazin, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe ta Kumasi, sai bakinsa ya riƙa karyewa, ban yi nisa ba. Wane irin alƙalami ake amfani da shi, kuma wane sashe na bindigar ne yake karɓar zane? Sannan ban san yadda ake nuna farar ƙanƙara a kan ƙarfe mai duhu ba, domin duk zanen bindigar da na gani a hotuna ganye ne da furanni da namun daji a cikin ciyawa. Ina kuma shakkar ko wannan jeri duka zai shiga, tun da yake filin da ke akwai ƙanƙane ne ƙwarai. A ƙarshe, wanda ya san matsayin doka a kan maƙerin da ya karɓi bindigar wani a shagonsa, ya taimaka mini da bayani. Dattijon mutumin kirki ne, ba na so in ɓata masa abin da yake ji da shi.

Tsohon Mai Zane, Nima, Akra

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka tambaya tun ba ka sa hannu ba, domin abin da alƙalami ya ɗebe daga jikin ƙarfe ba ya komawa. Na yi zaman neman abinci a lardin Brescia na Italiya, inda 'yan Ghana suke da yawa, ina aikin goge ƙarfe a wata masana'anta, kuma garin Gardone na kwarin Trompia, cibiyar ƙera bindigogin Italiya inda kamfanin Beretta yake tun 1526, ba shi da nisa daga wurinmu. A can na ga wannan aiki da idona, na kuma koyi abin da Allah ya sa na koya.

Ka fara da sanin inda ba za ka taɓa ba. Akwatin raifal irin ta Mauser, wato wurin da sakata ke kai-komo, an taurara samansa da wuta, cikinsa na da ɗan taushi amma fatarsa ta kai taurin alƙalaminka. Masu wannan sana'a a Landan da Liège ta Beljiyam da Suhl ta Jamus da Ferlach ta Ostiriya sukan karɓi bindiga tun tana fara, kafin a taurara ta, su gama zane, sannan a mayar wa maƙera. Idan tsohuwa ce sai an tausasa ta da wuta, a zana, a sake taurarawa, wannan kuwa aikin ƙwararrun maƙeran bindiga ne masu tanderun da ke auna zafi da wurin gwajin harbi. Kada ka kusance shi. Akwatin nan shi ke riƙe ƙarfin fashewar harsashi, kuma fuskar mai harbi tana bayansa. Ko da dattijon ya ce ya daina harbi da ita, ba ka san jikan da zai ɗauke ta nan gaba ba. Haka nan gindin bututu, inda harsashi ke zama, ka bar shi yadda yake.

Abin da ya rage maka shi ne murfin gidan harsashi da ke ƙasa, da zoben da ke kare kunama, waɗanda galibi ba a taurara su, sai kuma allon azurfa mai siffar ƙwai da ake dasawa a ƙota, wanda a al'adar Turawa a nan ake rubuta sunan mai bindiga. Wannan na ƙarshe filinka ne, ba mai koya maka shi. Kafin ka amince da murfin, ka kifa shi ka goga magagari a cikinsa, inda ba a gani: idan magagarin ya ci, alƙalami ma zai ci, idan kuwa ya zame, ka haƙura. Ka kuma kara masa maganaɗisu, domin wasu murafan na alminiyam ne, shi kuwa ba ya riƙe siririn layi da kyau.

Karyewar bakin alƙalaminka daga washi take. Wanda ake yankan tagulla da shi bakinsa ya cika tsini, ba shi da nama a bayansa. Ka koma Magazin wurin masu injin feƙe ƙarfe, ka sayi sandar ƙarfen da suke yanka da ita, mai kusurwa huɗu, kaurin kamar milimita 3. Ka wasa fuskarsa a kan digiri 45 zuwa 50, ka yi masa 'yar dunduniya a ƙasa ta kamar digiri 15, gajeriya ƙwarai, kada ta kai rabin milimita, domin doguwar dunduniya ita ke gurje gefen layi idan ka zo kwana. Ka gama da dutsen washi mai laushi da mai, sannan ka gwada a farcen babban yatsanka: idan ya kama nan take ya yi, idan ya zame ka sake. Manyan layuka da 'yar guduma ake kora su, mai faɗin fuska da siririyar ƙota, bugu ƙanana a jere, ba da ƙarfi ba. Inuwa kuma da tura hannu ake yin ta. Murfin ka manne shi a kan katako da gam mai zafi, ka ɗaure katakon a bayis, wato matsen ƙarfe na kan teburin aiki, ka riƙa juya aikin zuwa bakin alƙalami maimakon ka murɗa hannunka. Injin iska da Amurkawa suka fito da shi yana sauƙaƙa aiki, amma manyan ayyukan da ke gidajen tarihi da guduma aka yi su.

Batun ƙanƙara kuwa, ba a zana ta. Dubi babbar riga: farin yadin da mai ɗinki ya bari shi ke fito da aska takwas. Ƙarfen da ba ka taɓa ba shi ne ƙanƙararka, aikinka shi ne ka duhunta sama da jikin jirgi da siraran layuka a jere, ka ƙara masu gicciye inda kake son duhu ya tsananta, sai farin ya fito da kansa. Ƙanƙarar ka ba ta tsagi kaɗan masu kusurwa, da 'yar inuwa a gefe ɗaya tak, domin rana ɗaya ce a sama. Ɗauki takardar sidi ka dubi fuskokin dattawa shida da ke jikinta da madubin ƙara girma, za ka ga yadda layi da giciye suke yin haske da duhu, wannan ita ce makarantar da ke aljihunka. Italiyawa suna da salon da suke kira bulino, ɗigo dubbai da ake yi a ƙarƙashin madubi har zane ya zama tamkar hoto. Yana da kyau matuƙa, amma ba shi da zurfi, hannu da tsatsa suna cinye shi, kuma ba aikin farko ba ne. Ganye da furannin da ka gani a hotuna kuwa ka manta da su, ba su da hurumi a ƙasar da itace ba ya tsira. Ka zagaye zanen da igiyar jirgi, ka ƙulla ta da dagi a sama da ƙasa, wanda ya gani zai san hannun Bahaushe ne.

Malamar Labarin Ƙasa, Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum. Baba na Nima ya gama magana a kan ƙarfe, ni a kan abin da za a zana zan tsaya, tun da labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare. Malam Maƙeri, jerin da dattijon ya ba ka ya haɗa duniya biyu da ba sa haɗuwa. Farin beyar a arewa kaɗai yake, a tekun Atik da tsibiransa, fengwin kuwa na kudancin duniya ne, babu shi a Atik. Ba su taɓa tsayawa a kan ƙanƙara ɗaya ba, kuma duk wanda ya san labarin, idan ya gan su tare a murfi ɗaya, nan idonsa zai tsaya, ba zai ga kyawun aikinka ba.

Sunayen ma kowanne da tafiyarsa. Amundsen ɗan Norwe da mutum huɗu sun isa ƙurewar kudu ranar 14 ga Disamba, 1911. Scott ɗan Ingila da nasa mutum huɗu sun isa ranar 17 ga Janairu, 1912, suka tarar da tanti da tutar Norwe, kuma dukansu biyar suka rasu a hanyar dawowa. Shackleton kuwa ƙanƙarar tekun Weddell ta murƙushe jirginsa Endurance, ya nutse ranar 21 ga Nuwamba, 1915, amma mutum 28 na jirgin duk suka tsira, sai a 2022 aka gano gawar jirgin a zurfin da ya haura mita 3,000. Jera su a layi ɗaya ba girmamawa ba ce, kowanne ya isa a yi masa aiki shi kaɗai.

Shawarata ita ce a zaɓi tafiya ɗaya, kuma tafiyar Nansen ta 1893 zuwa 1896 ita ce ta dace, ba don sunansa ne ya haɗa dattijon da wannan labari kawai ba, har da cewa bindiga ce za a ƙawata. A Antatika babu dabbar tudu mai farautar mutum, aikin bindiga a can bai wuce harbin dabbobin teku don nama ba, da kashe karnuka da dawakai idan tafiya ta tsananta, abin da su kansu matafiyan suka yi da baƙin ciki. A arewa kuwa bindiga ita ce abinci, ita ce kuma tsaron rai.

Ga yadda abin ya kasance. Wani jirgin Amurka mai suna Jeannette ya nutse a arewacin Saiberiya a 1881, bayan shekara uku aka tsinci tarkacensa a gaɓar Girinlan, sai Nansen ya gamsu cewa ƙanƙarar tekun Atik tafiya take yi daga gabas zuwa yamma. Ya sa Colin Archer ya gina masa jirgi mai suna Fram, tsawonsa mita 39, faɗinsa mita 11, gindinsa a kewaye, babu kusurwar da ƙanƙara za ta kama, ta yadda idan ta matse shi sai ta ɗaga shi sama maimakon ta fasa shi. Da gangan suka bar jirgin ya daskare a watan Satumba na 1893, su goma sha uku, ƙanƙara ta yi ta tafiya da su. Da Nansen ya ga ba za ta bi da su ta kan ƙurewar ba, sai ya bar jirgin a hannun Otto Sverdrup ranar 14 ga Maris, 1895, ya fita da Hjalmar Johansen da karnuka 28 da amalanke uku da ƙananan kwalekwale biyu. A watan Afrilu suka kai digiri 86 da minti 14 na arewa a ma'aunin taswira, wanda ƙurewar take a digiri 90, inda ba wanda ya taɓa kaiwa kafinsu, suka juyo. A watan Agusta, suna shirin ƙetare wani tsagin ruwa, beyar ya lallaɓo ta baya ya kayar da Johansen, bindigar Nansen tana cikin kwalekwale, sai da ya jawo shi ya zaro ta sannan ya harbe dabbar. Daga nan suka yi kamar wata takwas a wata bukkar dutse da suka gina a tsibiran Franz Josef, ba abin da suke ci sai naman beyar da na walras, dabbar teku mai haure, wanda kuma da kitsensa suke kunna fitila. Ranar 17 ga Yuni, 1896, suka yi kiciɓis da wani Bature ɗan Ingila, Frederick Jackson, ya sa aka kai su gida da jirginsa, kuma a watan Agustan nan Fram ma ya fito daga ƙanƙara ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Idan dattijon ya dage sai 1911 ta shiga, akwai hanya ta gaskiya, domin wannan Fram ɗin shi ne Sverdrup ya sake fita da shi daga 1898 zuwa 1902, shi ne kuma ya kai Amundsen Antatika a tafiyar 1910 zuwa 1912. Sunan jirgin da waɗannan shekaru a layi uku a kan allon azurfa sun ɗauke arewa da kudu ba tare da an cusa kowa inda bai je ba. Jirgin yana nan a gidan tarihinsa a Oslo, hotunansa kuma suna da yawa a intanet. Ka nemi na tafiyar farko, za ka gane su da injin iska da aka kafa a kansa don samar da wutar lantarki. Yana da jigo uku, wato dogayen sandunan da ake ɗaura zannuwan iska, kuma a cikin ƙanƙara zannuwan iskarsa a naɗe suke, kada ka zana su a buɗe.

Zinariyar ina ganin tauraron arewa ya kamata ta zama. Mu a Kumasi, a digiri 7 ko ƙasa da haka kaɗan, yana can dab da ƙasa, da ƙyar ake hango shi, amma a inda Fram ya daskare kusan a saman kai yake. Ka sa shi can sama da jigon tsakiya.

Akwai wani mutum da nake so a ambata wa dattijon ko da ba zai shiga wannan aiki ba: Matthew Henson, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya iya yaren mutanen Inuit, mazauna yankin Atik, da korar karnuka, ya kuma kasance tare da Robert Peary, jagoran tafiyar, da Inuit huɗu ranar 6 ga Afrilu, 1909, a wurin da suka ce ƙurewar arewa ce. Masana suna jayayya har yau a kan ko sun kai daidai wurin, amma ba mai jayayya a kan gwanintarsa. Ya rasu a 1955, sai a 1988 aka mayar da kabarinsa maƙabartar girmamawa ta Arlington. Ɗalibaina sukan gyara zama idan na zo kansa, kuma zan so wata rana wani maƙerin Zango ya yanka sunansa a azurfa.

Tsohon Ɗan Sanda, Madina, Akra

Ƙanena, ni a kan doka zan yi magana, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta da nauyi. Dokokin makamai na ƙasar nan, ta 1962 da ta 1972, sun sa mallakar bindiga da ƙera ta da gyaranta duk a ƙarƙashin izinin hukuma, kuma lasin na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, ana sabunta shi duk shekara. Lasin dattijon bai rufe ka ba. Idan aka tarar da raifal a shagonka, kai za a tambaya, kuma cewa ado kake yi mata ba zai wadatar ba. Tun da aka kafa hukumar kula da ƙananan makamai a 2007 ake ƙara sa ido a kan maƙera, saboda bindigogin gida da ake kamawa a hannun ɓarayi.

Saboda haka kada bindigar ta kwana a wurinka, kada ma ta zo. Dattijon ya kwance murfin da zoben kunama a gidansa ya kawo maka su kaɗai, ramin da za a dasa allon azurfa a ƙota kuma a yi shi a gabansa, a gidansa. Kafin wannan duka, ku tafi tare ofishin rajistar bindigogi na 'yan sandan yankin Ashanti da lasin da aka sabunta, ku faɗi abin da kuke nufin yi, ku nemi amsa a rubuce, ka ajiye kwafi a shago. Lambar bindiga da hatiman gwaji da ke jikinta kuwa ba a gogewa, ba a rufewa, ba a zana komai kusa da su.

Almajirin Sabon Zango, Kumasi

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Malama da alheri, labarin ya shiga jiki. Sai dai ina so in tuna wa Yaya Maƙeri wani abu da ba a taɓo ba, wato zana mai rai. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin surori ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, sai ya tsoratar da shi, sannan ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin sura cikakkiya mai inuwa da zanen da yake a shimfiɗe, sun tsananta a kan ta farko, sun sassauta a kan na biyu, wasu malaman kuma ba su bambanta ba. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka tambayi malamin da kake karatu a wurinsa. Amma ina ganin akwai mafita da za ta kwantar da hankalin kowa, ta kuma riƙe ma'anar da Malama ta kawo: a bar beyar da karnuka, a zana sawunsu. Sawun beyar yana ratsa ƙanƙara ta gaban jirgi, layi biyu na amalanke suna fita daga jirgin sun nufi arewa. Wanda ya san labarin zai gane dalilin bindigar, wanda bai sani ba zai tambaya.

Maƙerin Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa dattijon amsoshinku gaba ɗaya. Ya yi jinkiri a kan Shackleton, domin shi ne ya fi burge shi, amma da ya ji cewa jirgi ɗaya ya ɗauki Nansen da Amundsen sai ya amince. Mun tsaya a kan Fram a cikin ƙanƙara a jikin murfi, da sawun beyar da na amalanke, da tauraro ɗaya na zinariya, da igiya da dagi a kewaye, sai digiri 86 da minti 14 a kan zoben kunama, sunan jirgi da shekarun tafiye-tafiyensa uku a allon azurfa. Za mu je wurin 'yan sanda kafin a kwance ko da sukuru ɗaya. Baba na Nima, saura abu biyu. Na saba narka zinariya in manna ta a kan azurfa da wuta, amma ka hana wuta, to yaya ake zaunar da ita a baƙin ƙarfe? Sannan murfin yana da baƙin rini irin na bindiga, idan farin ƙarfe ne zai zama ƙanƙara, me zai kare shi daga tsatsa a damunar Kumasi?

Tsohon Mai Zane, Nima, Akra

Ɗana, shawarar sawu ta yi mini daɗi, ta kuma rage maka wahala, domin gashin dabba yana cikin abubuwan da suka fi wuya a ƙarfe. Sai dai ka lura sawun ya riƙa ƙanƙancewa yayin da yake nisa, in ba haka ba filin zai miƙe tsaye.

Zinariya ba a manna ta, kulle ta ake yi. Ka yanka siffar tauraron, ka kwashe cikinsa zurfin kamar rabin milimita, sannan ka bi gindin bangon ramin da siririn alƙalami ka fafe shi ta ciki, yadda ƙasan ramin zai fi bakinsa faɗi, ka kuma tayar da ƙananan haƙora a ƙasan. Ka sami zinariya tsantsa mai karat 24 daga dillali mai lasin, domin mai karat 18 da kake zobe da ita ta cika tauri, ba za ta bazu ba. Ka gasa ta ita kaɗai ta yi laushi, ka ɗora guntun da ya ɗan fi ramin tudu, ka danna da 'yar sandar tagulla da guduma tun daga tsakiya zuwa gefe. Za ta shige ƙarƙashin bangon ta kama haƙoran, ba ta ƙara fita. Ka share tudun da magagari mai laushi da dutse har ya yi daidai da ƙarfe. Wannan ka yi shi kafin layukan sama, domin dutsen zai cinye duk siririn layin da ke kusa, kuma ka sa layukan su yi duhu sosai a kewayen tauraron, zinariya ba ta fitowa a kan fari.

Baƙin rinin kuwa tsatsa ce da aka hora, ruwan binega yana cire shi. Ka jiƙa murfin har ya yi fari, ka wanke da ruwan kanwa ko soda don tsamin ya mutu, ka busar nan take, ka goge da samfefa mai lamba 400 sannan 600 a kan katako mai lebur, kada ka kai shi ga sheƙi, domin sheƙi yana ɓoye layi. Idan zane ya ƙare ka cusa baƙin fenti na mai a cikin layukan, ka share sama da takarda, ka bari ya bushe, sannan ka rufe da siririn banis marar launi, ka bi da kaki. Kumasi tana da damuna biyu, ga gishirin gumin hannu, don haka ka gaya wa dattijon a riƙa shafa kaki lokaci-lokaci, kuma kada a ajiye bindigar a cikin jakar fata ko ta soso, suna riƙe laima.

Zanen ka yi shi babba a takarda, ka rage shi da injin kwafi mai hoda, a juye, ka kifa a kan ƙarfe ka shafa maganin goge jan farce a bayan takardar, hodar za ta zauna a jiki. Amma kada ka fara da murfin. Ka yanko farantin baƙin ƙarfe mai taushi daidai girmansa, ka lanƙwasa shi yadda murfin yake, domin alƙalami ya fi zamewa a kan doro, ka yi aikin duka a kansa har da tauraron, da tagulla a madadin zinariya. Lokacin da wannan ya ci maka shi za ka duba ka yanka kuɗin aikinka, ba girman murfin ba. Idan ka gama ka kara farantin a hayaƙin kyandir, ka manna selotef ka ɗaga, ka liƙa a farar takarda, ka ɗauki hoto ka sa mana a nan. Igiyoyin jigo zan fara dubawa, domin miƙaƙƙen layi ya fi lanƙwasasshe tona hannu, sai kuma tazarar da ke tsakanin lambobin da za su hau zoben kunama.